Takalmin Baƙo a Tudun Gwauro

Washegarin Babbar Sallah aka ciro Aruna daga cikin raminsa, wuyansa a karye. Mata masu ɗibar ruwa ne suka fara lura igiyar da ake ɗaurewa a gungumen bakin ramin ba ta nan, sai guntu yana reto. Da aka sauka da wata igiya aka same shi a ƙasa, ragowar tasa naɗe a hannunsa. Shi kaɗai ya je da sassafe duba ruwan da ya taru, alhali an yi shela ba a komawa aiki sai an gama cin Sallah. Kwaɗayi bai bar shi ya jira ba.

Wanda ya duba guntun ya ce igiyar nan ba tsufa ya tsinke ta ba. An sa wuƙa an yanke fiye da rabinta, aka juya wurin yankan ya manne da gungume, aka bar sauran zaren ya jira nauyin mutum.

Tudun Gwauro sansanin masu haƙar zinariya ne, can cikin daji bayan Bawku, inda mota ke zuwa idan direba ya ga dama. Rumfunan kwano da leda, injinan niƙa dutse, ramuka ta ko'ina. Ba a haifi kowa a nan ba, ba wanda ke da kabarin uba a nan. Mutum zai shekara yana kwana ɗaki ɗaya da wani bai tambaye shi sunan garinsu ba. A wuri irin wannan, idan aka yi kisa, baƙo ake fara nema.

Kuma akwai baƙo. Saaka, ɗan kasuwar doya daga Salaga, ya zo hutun Sallah da mahaifiyarsa Mma Abibata, da matarsa Memuna da yaransu biyu, ganin ƙanensa Wadud da ya daɗe rabonsa da gida. Ranar jajibere kowa ya ga Saaka ya shaƙe wuyan rigar Aruna a tsakiyar kasuwa. Ga kuma sawu. An yi ruwa mai ƙarfi kafin Sallah, ƙasa ta yi laushi, ranar Sallah kuma ba wanda ya je wajen ramuka. Daga bayan ɗakin Wadud har bayan ramin Aruna akwai sawun takalmin fata mai ƙusoshi a diddige, zuwa da dawowa. A garin da kowa ke sa takalmin roba ko silifas, mutum ɗaya ne ke da irinsa. Aka shiga ɗakin aka ɗauko takalmin, jan taɓo bai gama bushewa a jikinsa ba.

Matasan garin suka ja Saaka a ƙasa daga ƙofar ɗaki har kasuwa, yaransa suna kallo.

*

Sidiku, wanda masu ramuka suka naɗa Ciyaman, ya ƙwace shi da ƙyar ya kulle a kontenar da ake ajiye man inji. Sannan ya taka da kansa zuwa ƙarshen gari, inda Baba Ayyub ke zaune a rumfarsa yana ɗinkin buhu da basilla.

Baba Ayyub mutumin Yendi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata tsakanin Yendi da Bawku, har ɓarayi suka koyi loda shanu a mota, sana'ar ta mutu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse kudu. Yanzu buhunan dutse yake facewa. Jiya Sallah, ba wanda ya leƙo rumfarsa ya ce masa barka.

"Baba Ayyub, ka ji abin da ya faru."

"Na ji ihu."

"Na aika Bawku a kira 'yan sanda, amma rafi ya cika, ba mai haye shi yau. Yaran nan sun ce in rana ta faɗi za su fasa kontena su jefa shi inda Aruna ya faɗa. Ni kaɗai ne, ba zan iya riƙe su ba."

"Kai kana ganin shi ne?"

"Takalminsa ne. Sawunsa ne. Amma uwarsa ta riƙe mini ƙafa, ban san yadda zan yi da ita ba. Ka duba mini, in shi ne in san na yi iyakata."

Tsohon ya soke basillar a jikin buhu ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa.

"Ka sa a tare hanyar bayan nan da ƙaya, ko akuya kada ta bi. Da rana tsaka ƙasa ba ta nuna komai, sai inuwa ta kwanta. Kafin nan zan ga mutane."

*

An yanka wata 'yar taga a jikin kontenar. Ta nan Baba Ayyub ya ga Saaka zaune a kan jarka, leɓensa a fashe, rigar Sallarsa a yage. Zafin ciki ya jiƙa shi sharkaf.

"Baba, yarana suna ina?"

"Suna ɗaki. Me ya haɗa ka da Aruna?"

Saaka ya shafa leɓensa da ya fashe.

"Wadud ya ce mana rami gare shi. Ya ce yana da yara masu yi masa aiki. A Salaga Mma har gori take yi wa maƙwabta da shi. Ranar jajibere muna zagaya kasuwa, mu duka, sai mutumin nan ya tsaya da babur ya ce, kai jaki, uban wa zai wanke mini mashin ɗin? Wadud ya ce masa a hankali yana da baƙi. Sai ya sauko ya wanka masa mari. A gaban Mma, Baba. A gaban yarana da suke kiransa Baba Ƙarami mai zinariya. Ashe buhu yake ja masa daga rami."

"Sai ka shaƙe shi."

"Na shaƙe shi. Da ba a raba mu ba da na yi fiye da haka, ba zan ɓoye ba."

"Jiya bayan Idi ina ka je?"

"Memuna ta kai yara kallon yanka. Ni na hau tudun can da ake samun sabis, in gaida surukaina. Layi bai shiga ba. Na zauna a kan dutse ina kallon garin nan, ina tunanin yadda ƙanena ya ƙare a cikinsa. Ban sauko ba sai la'asar."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa. Kowa na wajen nama."

"Da wane takalmi?"

Saaka ya ɗaga ƙafa. Baƙin takalmi ne sau ciki, sabo, ya sha ƙura.

"Na fatan na hanya ne. Tun da muka sauka yana cikin ɗaki, bayan buhun doyar da muka kawo. Wadud ya ce kada mu bar komai a waje, ana ɗauka."

"Ka ga ramin Aruna da idonka?"

"Ban ga ramin kowa ba. Da muka sauka na ce Wadud ya kai ni in ga nasa, sai ya ce gobe. Yanzu na san dalili." Ya matso kusa da tagar. "Baba, in sun zo, ka roƙa mini a kawar da yaran. Kada su sake gani."

Baba Ayyub bai yi masa alkawarin komai ba. Bai saba yin alkawari kafin ya ga ƙasa ba.

*

Duk wanda aka tambaya wa ya fi ƙin Aruna a Tudun Gwauro zai ce Zainudeen. Ramukansu maƙwabta ne, kuma a can ƙasa hanyoyinsu sun haɗu a kan jijiyar dutse ɗaya. Sun sha zare wa juna adda.

Baba Ayyub ya same shi a gindin ɗorawa yana cin soyayyen nama da yaransa, ƙato, wuƙa rataye a ƙugu. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Tsoho! Zo ka ci nama. Ko ka zo ka kama ni?"

"Na zo ta'aziyya. An ce maƙwabcinka ya rasu."

Yaran suka fashe da dariya. Zainudeen ya lashe yatsa.

"Ni ba na kuka, ni ba na ƙarya. Aruna mugu ne. Uwa nashi ma in ya ji, zai ce ya huta. Amma in ni zan kashe shi, me zai kai ni igiya? A ƙasa muke haɗuwa, ni da shi, ba fitila. Dutse ɗaya, shi ke nan, a ce rami ya rufta."

"Ara mini wuƙar nan."

Ya zaro ya miƙa masa ta ƙota. A gindin ƙarfen, inda ya shiga itace, akwai zaren igiya maƙale. Dariyar yaran ta tsaya. Baba Ayyub ya ciro zaren ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Igiyan saniya ne," in ji Zainudeen, murya ta ɗan sauka. "Jiya na yanka saniya. Daga Idi har magariba ina nan ina rabo. Duk gari ya karɓa a hannuna."

Zaren shuɗi ne, na roba, yana warin dabba. Igiyar Aruna fara ce. Tsohon ya mayar masa da wuƙar, ya kalli ƙafafunsa da ke miƙe a ƙasa, manya kamar faranti. Ko da mai aka shafa ba za su shiga takalmin Saaka ba.

"Duk gari ya karɓa," in ji Baba Ayyub. "Ban da rumfar ƙarshe."

Zainudeen ya daka wa yaro tsawa a ƙunsa wa tsoho nama. Tsohon ya riga ya juya.

*

Ɗakin Wadud kwano ne sama da ƙasa, ƙofa ɗaya, babu taga. A bakin ƙofar wani siririn saurayi na zaune, kansa tsakanin gwiwoyi. Ya ɗago da jajayen idanu.

"Baba, ka taimaki wana. Wallahi bai san komai ba."

"Kai ne Wadud? Jiya bayan Idi ina kake?"

"Ina yawo. Wajen nama, wajen masu kallon ƙwallo. Ko'ina."

A ciki Memuna ta rungume yaran a kusurwa, ta yi kuka har murya ta dushe. Mma Abibata na zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe, tire a cinya. Tsohuwa ce fara, mai tsabta, irin matan tsofaffin gidajen fataken goro na Salaga, Hausarta a cike.

Suka gaisa, ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Mma, an ce jiya ba ki fita ba."

"Gwiwoyina ba sa kai ni ko'ina, Malam. Hanyar nan ta gama da su. Daga Salaga zuwa Yendi, daga Yendi zuwa Bawku, sannan aka ɗora mu a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, kamar buhuna. Ko Idi a nan na yi nawa."

"To kina nan aka shigo aka ɗauki takalmin, kina nan aka dawo da shi."

"Na yi barci."

"Zuwa da dawowa?"

"Idona ma ya yi rauni. Mutum zai wuce ban shaida shi ba."

"Amma ba Saaka ba ne."

"Ba Saaka ba ne!" Ta faɗa da ƙarfi har yaran suka firgita. "Wannan zan rantse a kansa ko'ina."

"To wane ne?"

Ta sunkuyar da kai ga tiren. Shinkafa take tsincewa, a cikin duhun ɗakin nan, yatsunta na zaro tsakuwa ƙanana kamar ƙwayar gero tana jefarwa gefe, ba ta kuskure ko ɗaya. Baba Ayyub ya daɗe yana kallon yatsun. Ta ji yana kallo, ta tsaya, ta ɗora tafin hannu a kan shinkafar.

"Malam, kana da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"To ka tafi ka duba ƙasarka. Ni ka bar ni."

*

Da inuwa ta fara tsawo Baba Ayyub ya janye ƙayar ya shiga hanyar bayan ɗaki shi kaɗai. Siririyar hanya ce ta cikin ciyawa, ta masu zuwa bayan gida. Sawun na nan sarai, ƙusoshin diddige sun zauna a jan taɓo. Ya bi a gefe, rana a gabansa, yana tafiya yana tsayawa.

Mai takalmin ya san hanya. Akwai wani tsohon rami da ciyawa ta rufe bakinsa, sawun ya kauce masa tun daga nesa ba tare da ya yi jinkiri ba. Diddigen kuma yana ɗan jan ƙasa, kamar takalmin ya yi wa ƙafar yawa. Baba Ayyub ya ga wannan duka, ya kuma san ba zai tsayar da mutum ɗari masu fushi da shi ba. Za su ce taɓo ne ya ja takalmin, za su ce sa'a ce ta kawar da shi daga ramin.

Hanyar ta fito bayan ramin Aruna. An jera fararen duwatsu sun kewaye bakin ramin da ɗan filinsa, kamar yadda ake yi wa kowane rami a garin. Daga duwatsun zuwa ciki ƙasa ta dagule, masu ciro gawa sun tattake ta da tafin ƙafa, ba abin da za a karanta. Tsohon ya sunkuya ya cire takalminsa na dama don ya shiga.

Sai ya tsaya, takalmin a hannu.

A Tudun Gwauro ba a taka cikin duwatsun rami da takalmi. Sun ce zinariya tana ƙyamarsa, in ta ji shi a kanta sai ta nutse ta bar ramin. Camfi ne, babu shi a littafin kowa. Amma mutanen da ba sa ganin masallaci sai Idi, masu shan burkutu da azumi, ba a taɓa samun ɗayansu ya saɓa wannan ba. Ya shiga jikinsu har ba sa sanin suna yi. Shi kansa da ba ya haƙa, hannunsa ya tafi ƙafa bai aike shi ba.

Ya durƙusa. Dab da duwatsun, sawun takalmin fatan ya ƙare. Ga su nan biyu a jere, kai da kai, shatarsu marar zurfi, ta takalmin da aka ajiye babu nauyin mutum a ciki. Gefe kaɗan ciyawa ta kwanta da jan taɓo a jikinta, inda aka goge tafin ƙafa. Sannan shata ɗaya mai zurfi, inda aka tsaya da ƙafa guda ana sa ɗayan. Daga nan sawun ya juya gida.

Mutum ɗari sun kalli wurin nan da safe. Sun ga sawu ya zo duwatsu ya tsaya, ba wanda ya ga abin mamaki, don takalmin kowa a nan yake tsayawa.

Baba Ayyub ya zauna a kan tulin ƙasa. Injuna duk a kashe, ba motsin kowa, sai kukan kurciya daga nesa. Wanda ya zo nan ya zo ɗaukar rai, bai ji tsoron Allah ba, amma ya ji tsoron kada zinariya ta gudu. Tsohon ya yi tunanin tsohuwar da tirenta. Ya so a ce ƙasar ta nuna masa wani abu dabam. Ya daɗe a zaune kafin ya tashi neman Ciyaman.

*

Rana ta yi ja lokacin da aka taru. Duk garin ya zo, wasu da sanduna. Takalma sun yi tuli a wajen duwatsu. Baba Ayyub ya sa aka bar gefen baya ba a taka ba, shi kuma ya tsaya a ciki kusa da gungume, ƙafa ba takalmi. Bai gaya wa kowa abin da ya gani ba, har Ciyaman.

Aka kawo Saaka, hannu a ɗaure. Da ya ga ramin ya turje, ya ɗauka jefa shi za a yi.

"Ku sake shi," in ji tsohon. "Saaka, zo nan wurina. Ba abin da zai same ka."

Saaka ya kalli jama'a, ya tako. Ya tsallake fararen duwatsun da baƙin takalminsa ya nufi gungume.

Wurin ya kece da ihu.

"Kai! Kai! Cire!"

"Zai kashe ramin!"

"Ɗan iska, da takalmi?"

Har Zainudeen ya yi tsalle ya fizgo shi baya, don raminsa na kusa. Saaka ya tsaya yana rarraba ido.

"Me na yi? Me na taka?"

Baba Ayyub ya bari ihun ya lafa. Sannan ya kira Ciyaman da Zainudeen da manyan masu ramuka, ya zagaya da su baya, ya nuna musu da tsinke: inda aka ajiye takalma a jere, inda aka goge ƙafa, inda aka tsaya aka sa.

"Wanda ya yanka igiyar nan ya cire takalmi kafin ya shiga. Shi kaɗai ne, ba mai ganinsa, yana sauri, amma ya tsaya ya cire. Wannan kuwa kun ga yadda ya shigo a gabanku duka."

Waɗanda suka ja Saaka a ƙasa da safe suka shiga kallon ƙafafunsu.

"To ɗan rami ne," in ji Zainudeen. "Mu duka 'yan rami ne, tsoho. Wanne?"

"Takalmin a cikin ɗaki yake kwana, bayan buhun doya. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi. Akwai tsohuwa a ciki wuni guda, idonta ya fi nawa. Wani ya shiga ya ɗauka, ya dawo ya ajiye, ba ta yi ihun ɓarawo ba." Ya juya ga Ciyaman. "A ɗauko ta a kujera. A kawo Alƙur'ani a sa mata a hannu, ta faɗa wa jama'a wanda ta gani."

Mutum biyu suka juya za su tafi.

"Kada a taɓa ta."

Wadud ne, daga bayan taro. Aka buɗa masa. Ya tako har duwatsu, ya zame silifas ɗinsa, ya shigo.

"Kada a kawo ta nan. Ni ne."

Saaka ya kalle shi kamar bai ji da kyau ba.

"Wadud, rufe bakinka. Ba sai ka ɗauka don ni ba, an riga an wanke ni."

"Ni ne, Yaya. Shekara nawa yana zagina, yana dukana, na haƙura, don ba wanda ya san ni a nan. Amma ya yi a gaban Mma. Ta sunkuyar da kai, Yaya, ka gani. Tun ranar ba ta kalle ni ba."

"Da takalmina?"

"In na je da nawa kowa ya san sawuna. Na ce ku gobe za ku tafi, aiki kuma sai bayan Sallah. Kafin igiyar ta tsinke kun kai Salaga, wa zai bi ku can? Ban san zai sauka yau ba. Ban san rafi zai tsare ku ba."

Da Saaka ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba.

"Da safe, da suke ja na a ƙasa, yarana na ihu, kana ina?"

"Ina tsaye."

"Da rana ta faɗi fa? Da suka kawo ni nan?"

Wadud bai amsa ba, kuma gara da bai amsa ba, don duk abin da zai ce ƙarya ne. Shi kansa bai sani ba.

Ciyaman ya kwance igiyar hannun wan ya ɗaura wa ƙanen. Ba wanda ya ɗaga sanda. Mutanen da suka rantse ba za su kai dare ba su jefa baƙo a rami ba, da abin ya zama na ɗayansu sai suka sami haƙurin jiran hukuma. Suka tsinci takalmansu suka watse. Ba wanda ya ce wa Saaka yi haƙuri.

*

Da gari ya waye rafi ya sauka. Motar 'yan sanda ta hayo daga Bawku, motokin ɗin fasinja ma ya tsaya a kasuwa yana jiran cika. Memuna ta hau da yaran. Saaka ya ɗora jakunkuna, ya dawo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, wadda ke zaune a kan benci tana fuskantar kontena.

"Mma, tashi mu tafi."

"Ku je. Ni Bawku zan tsaya."

"Wurin wa? Ba mu da kowa a Bawku."

"Zan nemi zango, ba a rasa mai ba tsohuwa tabarma. Wani zai riƙa kai masa abinci."

"Mma, kin gan shi ya ɗauka. Kin wuni kin sani, ni ina cikin ƙarfen can."

"Na sani."

"Ba ki faɗa ba."

"Ban faɗa ba." Ta kalle shi ido cikin ido. "Na yi ta buɗe baki in faɗa, Saaka, na kasa. Kai kana da mata da 'ya'ya, ka tafi da su. Shi ba shi da kowa."

Saaka ya miƙe. Ya ciro abin da ke aljihunsa ya ƙulle mata a bakin mayafi. Bai kalli kontenar ba. Motokin ya tashi, yaran na ɗaga wa kakarsu hannu har ciyawa ta rufe su.

Baba Ayyub na tsaye gefe, an kira shi ya yi wa 'yan sanda bayani. Da ya gama ya zo wucewa ta gaban bencin. Ya yi niyyar ya wuce kawai, sai ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Malam, zauna kaɗan. Ba na son zama ni kaɗai."

Ya zauna a ɗaya ƙarshen. Suna kallo aka buɗe kontena, aka fito da Wadud yana kare ido daga rana.

"Kullum na ce zan zo sai ya ce in bari ya gama gini," in ji ta. "Saaka ya ce mu buga masa waya kafin mu taso. Ni na hana. Na ce kada a gaya masa, mu faɗo masa kawai ranar jajibere. Ina so in ga fuskarsa in ya gan mu."

Ta gyara mayafinta, ta dafa bencin tana neman tashi.

"Na kuwa gani."

Ya miƙa mata hannu ta kama, ya taka da ita a hankali har bakin motar 'yan sandan.